Sarƙar lu'ulu'un fashon da na saya a babbar kasuwar Katsina, ga yadda take bayan wata biyar

Tun ranar kamun ƙanwata mata ke ta tambayata ina na samo farar sarƙar nan mai layi uku da na sa, wasu a waya wasu ido da ido, har wata baiwar Allah da ban ma santa ba ta biyo ni bakin ƙofa ta ce don Allah Hajiya wannan daga Dubai aka kawo maki? Na ce mata a'a wallahi, nan cikin garin Katsina na saye ta, kuma fashon ce ba ta gaske ba. To shi ne na ce bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya, amma da gangan na bari sai da aka yi wata biyar, don kayan fashon ba a ranar saye ake yabonsu ba, ranar nan kowace sarƙa amarya ce. Sai ta sha zufa ta sha turare tukuna za ki san mi kika saya.

Yadda abin ya faro, an fitar da anko leshi ruwan toka mai ɗan duhu, amarya ta kafe ita so take duk 'yan uwanta mata mu sa fari a wuya, mu tara ne har da matan yayyenmu. Gwal kam ba a ma kawo maganarshi ba, kowa ya san yadda ya koma, giram ɗaya ya haura naira dubu 100 tun tuni, sarƙa da 'yan kunne ko marasa nauyi ne kafin ki ɗauka kin shiga maganar miliyan. Kuma ko masu shi ɗin yanzu ba kowace ke yarda ta sa shi cikin taro ba, balle waɗanda za su taso daga Funtua ko Dutsinma su biyo hanya, kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, mace tsoro take ji a ga wani abu na ƙyalli a wuyanta. Sai aka ce ni in shiga kasuwa in nemo tunda ni ce mai haƙurin zagaye.

Shagon yana cikin babbar kasuwa, Fatima Baika, wajen masu turaruka da kayan kwalliya. Sunanshi ne ba zan sa a nan ba, don akwai abubuwan da ba su yi mani daɗi ba kuma zan faɗe su, ba na son in zama sanadin taɓa ma bawan Allah kasuwa, mutumin da gobarar nan ta watan Maris 2021 ta cinye ma kaya kakaf ya sake tasowa daga farko. Wadda ke son kwatance ta same ni ta gefe. Ɗan ƙaramin shago ne, mutum huɗu in suka shiga ya cika, sarƙoƙi rataye har bisa kai, ga zafi, fanka ɗaya ce 'yar caji kuma iskarta ba ta isa ko'ina. Madubi ma ɗaya ne ƙarami, in kina son ki ga kalar abu sosai sai kin fito da shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, kuma ina ba ku shawara ku riƙa yin haka, farin ƙwan lantarkin nan na cikin shaguna yana ƙara ma komai kyau.

Na yi sallama muka gaisa, na ce Alhaji lu'ulu'u nake nema, fari, saiti tara iri ɗaya. Bai miƙo mani komai ba sai da ya dube ni ya ce, "Hajiya ta rana ɗaya kike so, ko wadda za ki daɗe da ita?" Wallahi wannan tambayar ita ta sa na zauna a kan benci, don na shiga shago huɗu kafin nashi kuma ko'ina magana ɗaya ce, duk abin da kika taɓa sai a ce maki orijina ne ba ya koɗewa.

Ya ciro tire uku ya jera a kan gilashi. Ta farko ya ce ɗauki ki ji, na ɗauka ba ta da nauyi ko kaɗan kamar gugguru, ya ce roba ce, dubu 2 da 500, ta yara ce da mai son ta yi biki ɗaya ta yar. Ta biyu da na ɗora a tafin hannu sai na ji sanyi da nauyi, ya ce wannan ƙwayar gilashi ce amma fentinta shafi ɗaya ne, dubu 7. Sai ya zaro allura daga jikin hularshi ya kama wata ƙwaya da ta tsinke ya ɗan sosa bakin hujin inda zare ke shiga, sai ga farin ya ɗago kamar ɓawon albasa, ƙarƙashi gilashi ne fari fat marar sheƙi. Ya ce nan ne kowace sarƙar lu'ulu'u ke fara mutuwa, duk sanda za ki saya bakin hujin za ki duba, in kin ga fenti ya taru ya yi tudu ko ya fara ɗagowa ki aje ta. Ta uku ma gilashin ce, amma an yi ta tsoma ta a fenti ana busarwa sau da yawa, ya sosa da allurar bai ɗago ba, kuma farinta ba irin farin alli ba ne, yana da ɗan ruwan madara, in kika juya ta sai ki ga kamar hasken daga ciki yake fitowa. Dubu 16 ya ce. Muka yi ta ja har ya bar mani saiti tara a dubu 13 da 500 kowanne, sarƙa layi uku da 'yan kunne. Ya ce kayan daga Kano yake ɗauko su wani lokaci Legas, amma asalinsu duk Chana ne, akwai wani gari Yiwu da manyan 'yan kasuwa ke zuwa saro irin waɗannan ƙananan kayan.

Da na dawo gida Goggo na nan ta zo biki, ita kuma mace ce da ta yi dillancin gwal shekara da shekaru, ba a kawo abin wuya gidanmu bai bi ta hannunta ba. Ta karɓa ta auna a hannu, ta kai bakinta ta goga ƙwaya ɗaya a haƙorinta na gaba, ta ce sumul, na kanti ne, amma an iya yi. Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro wani tsohon zobe da ta sayo a Makka mai ƙwayar lu'ulu'u ɗaya, ba ta ma zagaye sosai ba ta ɗan karkace, ta ce goga wannan ki ji. Na goga na ji wani ɗan kaushi kamar yashi-yashi. Ta ce to wannan shi ne wanda Allah ya ambata tare da murjani a Suratur Rahman, wancan kuma ɗan Adam ya yi, kowanne da ranarshi.

Da yake kimiyya nake koyarwa a sakandare, abin ya tsaya mani a rai. Mu a Hausa da daiman da wannan farin duk lu'ulu'u muke ce masu, amma ba abu ɗaya ba ne, daiman daga ƙasa ake haƙo shi, wannan kuwa cikin wata 'yar halittar ruwa mai ƙoƙo biyu yake fitowa, dangin dodon koɗi. Wani abu ne zai shige mata jiki ya dame ta, sai ta riƙa lulluɓe shi da wani sinadari shafi kan shafi har shekaru, kuma sinadarin nan irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai ne, shi ya sa haƙori ke jin kaushinshi, shi ya sa kuma abu mai tsami ke cin shi. Dubai ɗin nan da muke ta kira, da Bahrain da Ƙatar, kafin fetur da nutso cikin teku neman lu'ulu'u suke ci. Wani mutumin Japan mai suna Mikimoto ne a 1893 ya fara samun nasarar sa halittar ta yi shi da gangan, kamar dai kiwo, kuma zuwa shekarun 1930 sana'ar masu nutson nan ta durƙushe. Yanzu ma mafi yawan na gasken da ke duniya na kiwo ne, Chana ke kan gaba. Na kwaikwayon kuma ba yau aka fara ba, tun ƙarni na 17 wani mai yin carbi a birnin Paris, Jacquin, ya gano cewa ƙyallin nan na ɓawon jikin kifi in aka tace shi aka shafa ma ƙwayar gilashi sai ta koma kamar lu'ulu'u. Akwai kamfanin Majorica a ƙasar Sifen da ya fi shekara 100 ba abin da yake yi sai irin wannan, kuma ba ya ɓoyewa, da sunanshi ake saye. Matar tsohon shugaban Amurka John Kennedy ma sarƙarta mai layi uku da aka san ta da ita ta kwaikwayo ce, da aka yi gwanjon kayanta a 1996 dala 211,500 aka saye ta.

Ranar kamu kuwa sai dai in ce masha Allah. Ni ban taɓa sanin farin lu'ulu'u na karɓar baƙar fata haka ba sai da na ga mu tara a jere, ruwan tokan leshin ya kwanta, farin ya fito a wuya ba hayaniya. Abin da na lura, gwal da duwatsun nan masu walƙiya gasa suke da leshi, leshin na ƙyalli su ma suna ƙyalli sai ido ya rasa inda zai tsaya, amma lu'ulu'u sanyi gare shi, yana barin kayan su fito da fuskar mai su. A hoto ma filashin kyamara bai sa shi ya yi wannan farin da ke kashe ido ba. Bayan biki na sa ta da atamfa mai duhu, na sa ta da baƙar abaya ranar walimar wata ɗalibata, duk ta hau. Inda ban ga ta yi ba shi ne atamfa mai manyan zane da kala barkatai, nan sai ta ɓace, gara ki cire sarƙar ki bar 'yan kunnen kawai su leƙo ƙarƙashin ɗankwali.

To yanzu ga inda aka samu matsala, kuma zan faɗa yadda yake.

'Yan kunnen ba su kai sarƙar ba ko kusa. Cikin mu tara, mutum biyu kafin a tashi taro kunnensu ya fara ƙaiƙayi, ƙanwata mai bi mani washegari hujin kunnenta ya yi ja ya kumbura har yana ɗan ruwa, ta kwana uku ba ta sa komai ba ga shi ana tsakiyar biki. Wannan ba wai dattin ƙarfe ba ne kamar yadda ake cewa, yawanci wani ƙarfe ne nikel da ake haɗawa cikin kayan fashon masu araha, jikin wasu ba ya shiri da shi, kuma in jikinki ya fara ƙinshi to ya ƙi kenan, zufa kuma ƙara fito da shi take. A Turai akwai doka kan yawan nikel ɗin da abin da ke taɓa fata zai iya fitarwa, nan kuwa kwalin da aka ba mu ko harafi ɗaya babu a kai da ya faɗi mi ke ciki. Abin da ya ɗan sosa mani rai, Alhaji ya yi mani bayanin ƙwaya dalla-dalla amma bai ce komai kan ƙarfen ba, ni ma kuma ban tambaya ba.

Sai zare. Ana cikin rawa matar yayana ta ɗaga hannu za ta yi liƙi mayafinta ya sarƙe da sarƙar, ji kake tsar, layi ɗaya ya tsinke ƙwayoyin suka watse ƙarƙashin kujeru yara na ta bi suna tsinta. Da na duba sai na ga siririn zaren roba ne irin na fatsa aka zura su a kai, ba ƙulli ko ɗaya. Sarƙar lu'ulu'u ta kirki tsakanin kowace ƙwaya da 'yar uwarta akwai ƙulli, don kar su riƙa gugar juna, kuma in ta tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Kuɗin da muka biya bai kai a yi mana wannan aikin ba, na yarda, amma ya kamata mai saye ta sani.

Na koma bayan sati ɗaya da sarƙar da ta tsinke da 'yan kunnen. Ban ishe Alhaji ba sai yaron shagon, shi kuma ko kallon kirki bai yi mani ba, yana latsa waya ya ce kaya in sun fita sun fita. Raina ya ɓaci sosai don ba kuɗi na zo karɓa ba. Na zauna na jira har Alhaji ya dawo daga sallar La'asar, da ya ji bayani ya yi ma yaron faɗa a gabana, ya karɓi sarƙar ya cike ƙwayoyi shida da suka ɓace ya sake zura ta bai karɓi ko sisi ba. 'Yan kunnen dai ya ce ba zai iya karɓa ba tunda sun shiga kunne, kuma gaskiyarshi ne, amma ya kawo wasu ƙananan ƙarafuna na sitenles ya ce a canza masu, naira 500 duk biyu. Tun da aka canza ƙanwata ba ta sake jin ƙaiƙayi ba. Don haka duk wadda ta san kunnenta na da saurin ciwo ta nemi a canza mata tun a shagon kafin ta fito.

Akwai kuma awarwaro guda huɗu na GL da na ɗauka ranar farko don kaina, dubu 6. Shi wannan ya faɗa mani gaskiya, ya ce Hajiya ruwan gwal ne aka yi ma tagulla, in za ki riƙa alwala da shi ba zai kai ki Sallah ba. Haka kau aka yi. Sau biyar a rana ruwa na bin hannu, ga sabulu ga wanke-wanke, wata biyu cikinshi ya koma ja, kuma ranar da aka yi zafi sosai sai in ga wuyan hannuna ya yi kore-kore, tagullar ce ke haɗuwa da zufa, ana wankewa yake fita. Zafin Katsina na watan Afrilu da ke haura digiri 40 ba ya raga ma irin waɗannan kayan. Ban ga laifin kowa ba a nan, an faɗa mani na ji na saya.

Abin da nake ganin laifi ne babba, wanda kuma Goggo ta ce ta gani da idonta ba sau ɗaya ba, shi ne a sa GL cikin akwatin lefe a ce gwal ne. Gwal a wurin mace ba ado ne kawai ba, kadara ce, shi take sayarwa ranar da ciwo ya zo ko kuɗin makaranta ya tsaya. Ki duba yarinyar da ta aje abu shekara uku tana ganin tana da abin fita kunya, ranar da ta kai wurin masu gwal a goga a dutse a ce mata ƙarfe ne, wane irin baƙin ciki ne wannan. Kuma kar lambar da ke jiki ta ruɗe ku, 750 na nufin karat 18, 875 karat 21 irin wanda aka fi kawowa daga Saudiyya, 916 karat 22, amma lamba kowa na iya bugawa. Mayen ƙarfe ma da ake gwadawa, in ya kama to ba gwal ba ne, amma rashin kamawar ba shaida ba ce don tagulla ma ba ya kama ta. A kai wurin masu abin su gwada. In fashon aka samu ikon sawa a lefe a ce fashon ce, ba abin kunya ba ne, ni ga shi na sa tawa gaban mutum ɗari kuma duk wadda ta tambaya na faɗa mata ko nawa na saya.

Yau wata biyar, tawa sarƙar na sa ta ya kai sau goma sha biyar. Ƙwayoyin gaba lafiya lau suke, sheƙin na nan. Guda huɗu na bayan wuya kusa da maɓalli ne suka ɗan dushe suka yi ruwan ƙasa-ƙasa, maɓallin kanshi ruwan gwal ɗinshi ya fara zubewa amma yana kamawa. Ta yayata kuwa da muka saya rana ɗaya duk ta yi dabbare-dabbare, da na bincika ashe sai ta gama sa sarƙar take shafa humra a wuya ta fesa turare, wani lokaci ma da ita a jiki take tsugunawa kan kasko ta turara kaya. Turare da humra da man shafawa su ke narkar da fentin nan. Ni sai na gama komai turaren ya bushe sannan in sa ta, in na dawo kuma ita nake fara cirewa tun kafin mayafi ya sauka, in goge ta da tsohon ɗankwali mai laushi, in sa ta cikin 'yar leda mai zif ita kaɗai, da 'yar ƙullin nan mai tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Ban taɓa sa mata ruwa ba.

Zan koma shagon? Zan koma, don sarƙar, kuma sai na tabbata Alhajin na nan. 'Yan kunne dai sai an canza ƙarfe a gabana, GL kuma na hannu na bar shi, sai dai na wuya da ba ya haɗuwa da ruwa.

Asabar ɗin da ta wuce na kai ma Goggo tawa, muka zauna tsakar gida bayan La'asar ta sa tabarau ta tsinke layukan uku da kanta cikin faranti, ta ciro ƙwayoyi huɗun da suka dushe ta aje gefe, ta ɗauko zare mai ƙwari ta ninka biyu. Ita ke zurawa tana ƙullawa da bakin allura ƙwaya bayan ƙwaya, ni ina miƙa mata daga manya zuwa ƙanana. Layi ɗaya muka gama aka kira Magariba, ta ce in bar sauran in dawo jibi da ɗiyata, tana son ta koya mata ƙullin tun hannunta na ƙarami.